Tsoho ya faɗi, laifin wa ne?

 

Kun saba jin mu a wannan fili muna magana bisa burtalin da aka nome, da rijiyar da aka hana mu shayarwa, da kuɗin da ake karɓa a hanya ba bisa ƙa'ida ba. Yau ina roƙonku haƙuri, zan bar dabba a waje in shiga cikin bukka, domin akwai wata matsala da ke cin gidajenmu wadda ban taɓa jin wani ya ɗaga hannu ya kawo ta wurin taron ƙungiya ba. Maganar tsofaffinmu ce waɗanda gigin tsufa ya kama, da faɗuwar da suke yi, da kuma matan da muka bar wa ɗawainiyarsu su kaɗai.

Zan fara da gidanmu, don kada wani ya ce na nuna shi da yatsa. Ina da baffa, yayan mahaifina, wanda a zamaninsa garso ne. Shi ake turawa gaba ya dubo ciyawa da ruwa, tun daga arewacin Dakwaro har zuwa Ingal lokacin lasar gishiri, kuma ba a taɓa jin ya ɓata ba, ko da dare ne. Farin 1984 ya cinye masa shanu, ya sake haɗa garke da habbanaye da guminsa. Da ya haura shekara tamanin sai mantuwa ta soma. Da fari sanda ce da buta, daga baya sunayen jikoki, har ta kai yana tambayar ɗan cikinsa daga wace ruga ya fito. Abin da ya fi wuya shi ne dare. Da rana ta faɗi sai hankalinsa ya tashi, ya ce shanu ba su dawo ba, ya riƙa kiransu da sunayensu, shanun da suka mutu tun shekarar fari. Cikin dare guda yakan fita nemansu sau uku ko huɗu.

Matar ƙaramin ɗansa ita ke riƙe da shi, ga ta da goyo, ga wasu yara uku. Mijinta yana kudu da garke. Sauran ƴaƴan baffa biyu suna fatauci, ɗaya a Tawa, ɗaya yana kai shanu Najeriya. Haka ta yi kusan shekara biyu. Wata ranar kasuwa ta gaya wa mai tallar magani cewa tsohonsu ba ya barci, shi kuwa ya ƙirga mata ƙwayoyi a takarda. Daren farko baffa ya yi barci, ita ma ta samu irin barcin da ta daɗe ba ta yi ba. A dare na uku ya farka kafin asuba, maganin bai sake shi ba, ya fito yana tangaɗi, ƙafarsa ta harɗe da dangwali, ya faɗi bisa turke. Ƙashin kwatangwalonsa ya karye. An kira maɗori, abin ya gagara. An ɗora shi bisa amalanke zuwa gidan likita, aka ce sai babban asibiti a yi masa aiki. Kafin a kira ƴaƴansa, a yi shawara, a sayar da bijimi, kwanaki sun tafi. Bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba, bayan wata huɗu Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

A wurin zaman makoki magana ɗaya kowa ke yi, wai sakacin suruka ne. Ni ma da bakina na faɗa. Sai da wani ma'aikacin lafiya da ya zo gaisuwa ya ja ni gefe ya tambaye ni, cikin shekara biyun nan dare nawa na kwana da baffa. Na duba ƙasa, domin ko dare ɗaya ban yi ba. Tun daga ranar nake bin wannan magana, ina tambayar likitoci, ina duba gidajen da nake sauka. Abin da na gane shi ne, faɗuwar tsoho mai gigi takan faro ne daga gajiyar mai kula da shi, gajiyar nan kuwa mu maza muka ɗora mata.

Mene ne gigin tsufa?

Da yawanmu muna ɗauka duk wanda ya tsufa sai ya gigice. Ba haka ba ne, kowa ya san tsoho mai shekara casa'in da yake lissafa maka asalin kowace saniya har kakanninta. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Mafi yawansa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, wata cuta ce da wani likita Bajamushe mai suna Alois Alzheimer ya bayyana a shekarar 1906. Wani kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi, idan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suka lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke ɗauke da wannan ciwo, wato fiye da ninki biyu na jama'ar Nijar, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da shi ba.

Saboda haka mu daina cewa maita ce, ko sammu, ko iskoki, musamman ga tsofaffin mata da suke sambatu da dare. Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan matakin na rayuwa a suratun Nahli da suratul Hajji, kowa ya tambayi malaminsa. Kuɗin da muke kai wa masu cire sammu, da hura da nono aka saya wa tsohuwa da shi da ya fi amfani.

Me ya sa suke yawan faɗuwa?

OMS ta ce a bayaninta na 2021, faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 kowace shekara a duniya, kuma cikin haɗurra, in ka cire haɗarin hanya, babu wanda ya kai ta kisa. Waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa ta wannan hanya. Mai gigin tsufa kuwa, likitoci sun ce haɗarin faɗuwarsa ya ninka na tsoho mai cikakken hankali sau biyu ko fiye. Dalili shi ne ciwon bai tsaya ga mantuwa ba. Yana taɓa tafiya, mutum ya riƙa jan ƙafa. Yana taɓa awon nesa da kusa, ya ga rami ya ɗauka inuwa ce. Sa'an nan yana sa mutum ya manta ƙafafunsa sun yi rauni, ya zabura kamar saurayi. Ga yanar ido, ga fitsarin dare, ga jirin da ke kama tsoho idan ya miƙe da sauri, balle lokacin bazara da jiki ke rasa ruwa, shi kuwa ya manta da sha.

To ku dubi rugarmu da idon wannan tsoho. Dangwali a shimfiɗe, turaku ko'ina, murhu da garwashi, ƙorai da turmi a bakin ƙofa, maruƙa da awaki suna ratsawa tsakanin ƙafafu, bakin rijiya ga santsi, da dare kuma ba haske. Abu na ƙarshe shi ne ƙaura. Mai gigi yana rayuwa ne da sabo, ƙafarsa ta san hanyar bayan gida ko da kansa ya manta. Duk ranar da muka tashi muka sauka sabon wuri, sabon nan ya rushe, sai ya tashi da dare ya nufi inda ƙofa take a tsohon mashekari.

Karayar kwatangwalo ga tsoho ba kamar karayar hannun yaro ba ce. Ko a ƙasashen da asibiti ke kusa, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na tsofaffin da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara. Kwanciyar ce ke kashewa, da gyambon baya da ciwon haƙarƙari. Ina ga mu da ke tafiyar yini kafin mu ga likita?

Ranar mai kula da tsoho

OMS ta ce kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa wajen kula da masu wannan ciwo mata ne ke bayarwa. A wurinmu ina jin ya fi haka. Ku lissafa da ni. Ta tashi da asuba ta yi tatsa, ta kaɗa nono, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yo itace, ta kai nono gari ta sayo hatsi, ta yi tuwo, ta wanke yara. A kan wannan muka ƙara mata wankin tsoho da shimfiɗarsa, da ba shi abinci a baki, da amsa tambaya ɗaya sau talatin, da gadinsa har gari ya waye. Makiyayin da ya kwana gadin garke yana samun inuwa ya rama barci da rana. Ita kuwa yaushe za ta rama?

Mutumin da bai yi barci ba, abu huɗu zai yi, kuma kowanne yana kai tsoho ƙasa. Ko dai barci ya sace ta daidai lokacin da ya fita. Ko ta riƙa yi masa gaggawa, ta fizge shi ya miƙe tun jiri bai sake shi ba. Ko ta nemo ƙwayar barci irin su diyazefam da ake sayarwa a faranti a kasuwa, wadda ke kashe jikin tsoho ta ƙara masa ruɗewa. Ko kuma ta ɗaure shi da igiya a jikin gado, ko ta bar wa yarinya ƴar shekara takwas gadinsa. Na ga ɗaurin nan da idona a gida fiye da ɗaya. Ɗauri ba ya hana faɗuwa. Tsoho yakan yi ta kokawa da igiya har ya faɗo tare da ita, ƙafafunsa kuma su ƙara mutuwa saboda zama, ranar da aka kwance shi ba ya iya taku biyar.

Akwai kuma abin da mu kaɗai muka sani. A al'adarmu suruka ba ta faɗin sunan uban mijinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa. Amma ita muka bar wa ta tuɓe shi ta wanke masa fitsari. Saboda kunya takan riƙe shi da kan yatsu daga nesa, ta kau da kai, alhali mai irin wannan rauni sai an rungumo shi ta ƙugu. Wannan aiki na ɗa namiji ne.

Abin da wasu za su ce

Na san akwai masu cewa kula da iyaye lada ne, kuma munyal shi ne adon Bafillace, wadda ta yi ƙorafi ta zubar da mutuncin gida. Ban musa lada ba, ina tambaya ne me ya sa muka bar wa mutum ɗaya ladan duka. Malamai da yawa sun bayyana cewa wajibcin kula da iyaye yana wuyan ƴaƴan da suka haifa ne, maza da mata, abin da suruka ke yi kuwa kyautatawa ce. Haƙuri kuma yana da iyaka kamar yadda takarkari ke da iyakar kaya. Wanda ya labta wa takarkari kayan biyu, ya durƙushe a hanya, ƙorai suka fashe, ba a zagin takarkari.

Wasu za su ce garke ba ya jira, dole namiji ya bi ciyawa. Gaskiya ne, kuma mu muka yi gwagwarmaya har dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Amma a bakin rijiya muna raba yini, kowa da lokacin shayarwarsa. Gadin dare muna yinsa bi da bi. Saniya in ta kasa tashi lokacin rani, mutum huɗu ke taruwa da sanduna su ɗaga ta safe da yamma. Ashe mun san yadda ake raba wahala, ba mu dai kawo wannan sanin cikin bukka ba.

Ƴan'uwa fatake kuma za su ce ai suna aiko da kuɗi. Allah ya saka da alheri, amma kuɗi ba ya tashi da dare ya kama hannun tsoho. In ba za ka iya zuwa ba, to kuɗin naka ya ɗauki wanda zai tsaya a madadinka.

Shawarwarina

Na farko, duk gidan da ke da mai gigin tsufa, ƴaƴansa su zauna gaban ardo ko wani dattijo su raba kwana, kamar yadda ake raba shayarwa. Kada mutum ɗaya ya yi gadi fiye da dare biyu a jere. Tsoho namiji, namiji ya kwana da shi, ya yi masa wanka. Ɗaga shi daga ƙasa kuma aikin mutum biyu ne.

Na biyu, a rage wa mai kula da shi wani aiki. In tana gadin tsoho, wata ta karɓi daka ko ɗiban ruwa. A ba ta ranar kasuwa ta fita, a bar ta ta je ganin gida. Sa'an nan a ware mata saniyar tatsa ko karsana daga garken tsohon ko na ƴaƴansa, da yardar kowa, a gaban shaidu. Muna ba abokin da ya rasa garke habbanaye, wadda ta ba da ƙarfinta da barcinta ta fi cancanta. Idan kun ga ta soma saurin fushi, ko kuka ba dalili, ko ciwon kai kullum, ko ta daina cin abinci, ko har ta ɗaga wa tsoho hannu, kada a tsaya zagi, alama ce kaya ya yi mata yawa, a sauke mata a ranar.

Na uku, a gyara wurin kwanansa. A nisanta dangwali da turaku da murhu daga ƙofarsa. A sauko da shimfiɗarsa kusa da ƙasa. A ajiye masa gwangwanin fitsari kusa, da fitila mai cajin rana da za ta kwana a kunne. A rataya ƙararrawa a bakin ƙofa, in ya taɓa mai gadi ya farka. A ba shi takalmin da ya kama ƙafa da sandar da ta yi daidai da tsayinsa. In zai tashi, ya zauna tukuna jiri ya wuce. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai roƙa ba.

Na huɗu, kada a hana shi tafiya. Kowace safiya da yamma wani ya zagaya da shi, a ba shi ɗan aikin da hannunsa ya sani, kamar tufkar igiya ko ƙirga awaki. Wanda ya motsa da rana ya fi barci da dare. In ya ce shanunsa ba su dawo ba, kada a yi masa gardama cewa sun mutu, a kama hannunsa a kai shi bakin garke ya ga shanu kwance, sau da yawa hankalinsa yakan kwanta.

Na biyar, a yi shawara tun kafin ƙaura. In za a tafi da shi, kada a ɗora shi bisa jaki ko raƙumi shi kaɗai, a sa shi a amalanke da wani a gefensa, kuma a tsananta gadi a kwanakin farko na sabon masauki. In za a bar shi, a bar shi wurin da ya saba, da manya biyu, da saniyar tatsa, da hatsi.

Na shida, kada a ba tsoho ƙwayar barci sai likita ya duba shi. Kuma a lura, gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. In tsoho ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko rashin ruwa a jiki, kuma waɗannan suna da magani. In ya faɗi ya kasa tsayawa, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a ja ta, a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti. In kansa ne ya bugu, aka ga amai ko yawan barci ko ƙarin ruɗewa, ko da bayan makonni ne, a kai shi. Bijimin da za a sayar, a san shi tun yau.

Na bakwai, ga ƙungiyarmu da hukuma. Tun 2006 gwamnati ta kawo kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, mun gode. Muna roƙon a tuna da tsofaffin daji. Duk lokacin da masu allurar dabbobi suka fito, a haɗa su da ma'aikacin lafiya da zai auna jinin tsofaffi ya duba idanunsu, domin hawan jini yana da magani, yanar ido kuma aiki ne na ɗan lokaci. Mu kuma a kowane reshe mu san gidajen da ke da mai gigi, mu sa maganar cikin ajandar taro, mu bar mata su faɗi abin da suke gani da bakinsu.

Ƴan'uwa, tsofaffin nan su suka tsallako da mu farin 1973 da na 1984, su suka koya mana hanya da rijiya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Surukar baffana tana nan da rai, na je na roƙe ta gafarar abin da na faɗa a wurin makoki, ƴaƴansa kuma sun ba ta karsana. Wanda ke da tsoho a gida, ina roƙonsa daren yau ya ɗauki tabarmarsa ya kwana a ƙofarsa, ya bar baiwar Allah ta yi barci. Da safe ya kira ƴan'uwansa a raba kwana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Wassalam.